Ƙulli a Bakin Gyale

Inna ta daina zama wuri ɗaya tun da mantuwa ta kama ta. Kana juya baya ta ɗauki takalmanta ta fice. In aka tare ta a hanya, sai ta ce gida za ta. Gidan da take nufi yana tsohon Zango na cikin gari, inda aka haife ta, wanda aka tashe shi tun ban san kaina ba aka mayar da mutane can bayan unguwar Agoè. An sha tsinto ta a bakin titi tana tsayar da masu zemijan, wato baburan haya, tana yi musu kwatancen wata bishiyar mangwaro da babu ita yanzu.

Ni kuwa ina unguwar Adakpamé da shagon ɗinkina da mijina da 'ya'yana. Waya na ƙara gabana zai faɗi. Ina taka keken ɗinki, hankalina yana can ƙarshen gari. Na ɓata wa mata atamfofi a shekarar nan, Allah Ya yafe mini, har wata ta tambaye ni ko hannun rigarta ɗaya na ƙanwarta ne.

Yayana, wanda Inna ke gidansa, limami ne a ƙaramin masallacin layinsu. Ya gwada kwaɗo a ƙofa, ta yini tana jijjiga ta tana kuka. Ya kunna mata karatun Alƙur'ani, ta saurara da ladabi, ta shafa addu'a, ta tashi neman takalmi. Da matarsa ta ɓoye takalman, sai ta fita haka nan.

Wata Lahadi na tsaya wajen mai sayar da littattafan addini a bakin babban masallaci, sai na hango wani tsohon littafin tatsuniyoyi da aka kawo daga Najeriya, bangonsa ya yage. Na saya don 'ya'yana, waɗanda Hausarsu rabi Faransanci ce rabi yaren Mina. A jaka na manta shi har na isa gidan Yaya. Na tarar da Inna tana safa da marwa tsakanin rijiya da ƙofa. Haushi ya ishe ni, na zaro littafin na ɗaga murya na ce ga ta nan ga ta nanku.

Ta tsaya cak. Ta waiwayo ta harare ni, irin hararar da na sani tun ina yarinya. Ta ce ashe ba ni da hankali, tatsuniya da rana tsaka? So nake in ɓata a hanya? Ta zo ta kama bakin gyalena ta ƙulle shi tam, ta ce to, ta ɗaure gizo, yanzu in faɗi abin da zan faɗa. Haka ake yi a gidanmu da, in yara sun matsa sai an yi musu da rana. Na manta da wannan sam, ita da ba ta tuna ko ta ci abinci ba ta manta ba.

Karatuna na Hausa abin kunya ne, makarantar Faransanci na yi. Ina tafe ina tuntuɓe, ina komawa baya. Inna ta zauna a kan turmi tana gyara mini. Na karanta yadda dila ya yaudari kura ta shiga rijiya, ta ce ƙarya ne, rumbu ne, wanda ya rubuta bai ji da kyau ba. Ta yi muryar kura, ƙasa-ƙasa da kwaɗayi, har matar Yaya ta saki muciya tana dariya. Ranar har la'asar Inna ba ta dubi ƙofa ba, kuma sau biyu ta kira ni da sunana.

Daga nan na zama 'yar hanya. Ba na iya kwana, ga yara ga shago, dole da rana zan zo. In hau zemijan daga bakin tashar jiragen ruwa, mu kutsa tsakanin manyan motoci, hayaƙi a ido, littafi a cinya, ina yi wa mai babur faɗa ya yi sauri, in ya yi saurin in ce zai kashe ni. Yaya da farko ya ɓata rai, wai tsohuwa mai shirin gamuwa da Ubangijinta ba labarin kura ya kamace ta ba. Na ce masa to ya zaɓa, kura ko bakin titi. Daga baya ma na lura yana jinkirin fita, yana gyaran rawani a bakin ƙofa har sai an ji yadda zomo ya ƙare.

Littafin ya ƙare, muka koma farko. Ita kullum sabo ne a wurinta. Amma sunana ya fara yi mata nisa. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, wata rana ba ta kira ni da komai ba. Ina karatu ina satar kallonta, ina jira. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Na hana ta ɓata a titi, ga shi tana ɓace mini tana zaune a gabana.

Lahadin da ba na mantawa, na shigo a jiƙe da zufa, ta amsa sallamata kamar ta baƙuwa, ta sa a kawo mini ruwa. Na buɗe littafi. Ta miƙo hannu ta ƙulle bakin gyalena kamar kullum, sai dai ba ta saki ba.

"Baiwar Allah, daga ina kike zuwa?"

Na ce daga Adakpamé.

"Ina da 'ya a can," in ji ta. "Ba ta zama, kullum tana bisa babur, ga ta da gaggawa. In kin gan ta ki ɗaure mata ita ma, kada ta ɓace mini."

Na ce zan ɗaure mata, Inna. Na sunkuyar da kai na karanta mata labarin kura har ƙarshe, tana gyara mini rijiya zuwa rumbu.

Da na koma gida, 'yata ta ɗauki gyalen za ta wanke, ta fara kwance ƙullin da haƙori. Na fizge shi daga hannunta, na ce wannan ba a kwance shi.