Ƙullin da Na Yi wa Baba

Mahaifina tela ne a unguwar Yara, amma ransa yana wajen fatsa. Bai taɓa sa tana a ƙugiya ba, wai wannan aikin malalata ne. Da farkon damina yake fita, lokacin da shinge, garar nan mai fiffike, ke faɗawa ruwa, kifin nan kawara na tasowa tana cafkewa. Sai ya tsuguna bakin rafin Antau ya daɗe yana kallon ƙwarin da ke yawo a saman ruwa, sannan ya buɗe gwangwaninsa na madara ya zaɓa. A ciki akwai ƙugiyoyin da ya yi wa ado da gashin zabuwa da ragowar zaren ɗinki: mai ja-ja a madadin shinge, koriya a madadin ɗan fara, baƙa don ranar da hadari ya haɗu.

Ƙullinsa ɗaya ne. Naɗi bakwai, a zura bakin zaren, a jiƙa da miyau, sannan a ja a hankali. Ya nuna mini ya fi a ƙirga. Ni kuwa gwanin gyaɗa kai ne, abin yana shiga ta kunnen dama yana fita ta hagu.

Bayan an ba mu jiha na sami aiki a Abuja, na kama ɗaki a Mararraba, gida kuma sai ƙarshen wata. A shekarun nan ne yanar ido ta fara rufe idon Baba. Ya bar keken ɗinki, ko allura ba ya iya zura wa zare.

Wata Lahadi bayan ruwan farko, ina haɗa jaka, ya ce, “Mutumin Abuja, raka ni rafi mana. Jiya na ji shinge a fuskata.”

Na raka shi, amma rabin hankalina na kan cunkoson hanya. Da muka isa ya tambaye ni me ke kan ruwan, na ce shinge ne. Ya laluba gwangwani ya fito da wata mai ja-ja, ita kaɗai ta rage cikin irinta.

“Ɗaura mini. Ka dai riƙe ƙullin ko?”

“Haba Baba, sau nawa kana nuna mini?”

Ƙarya nake yi. Na yi naɗi uku ko huɗu, na ja da ƙarfi. Miyau kuwa ƙyamarsa na ji, ni mai farar riga da agogo.

Ya wurga sau biyu, a na uku ruwa ya fashe. Gorar fatsar ta lanƙwashe har tana rawa. Na ga bayan kawarar, ta kai tsawon damtsena, na kuma ga fuskar Baba ta koma ta saurayi. “Tana nan,” ya ce a hankali. Bai rufe baki ba gorar ta miƙe.

Ya janyo zaren ya bi shi da yatsu har ƙarshe. Duk mai fatsa ya san zaren da ya tsinke bakinsa a miƙe yake, wanda ƙulli ya zame kuwa sai ya nannaɗe kamar gashin tunkiya. Ina kallo ya murza wannan nannaɗin tsakanin yatsunsa, ya sake murzawa.

“Zaren ne ya tsufa,” ya ce. “Mu je, kada ka rasa mota.”

Na bar wa zare laifi. Na ce a raina wata mai zuwa zan zauna ya koya mini sosai, mu dawo. Wata mai zuwa aiki ya riƙe ni. Kafin damina ta zagayo, tifofi masu kai yashi wajen gine-gine sun kwashe gurbin nan na rafin, idon Baba kuma ya ƙarasa rufewa. Bai sake riƙe gora ba har Allah ya karɓi abinsa.

Gwangwanin yana wurina. Na koyi ƙullin daga baya a wajen wani tsohon abokinsa, cikin minti biyar, ko shayin da ya zuba mini bai huce ba. Wannan minti biyar ɗin ne har yau yake ci mini rai.