Yadda Aka Yanke wa Motar Baba Baya

Har yau idan na ji ƙarar injin yankan ƙarfe sai raina ya ɓaci, ko da ƙofar shagon wani ake gyarawa.

Baba direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani Bature injiniya a lokacin aikin madatsar ruwa, kuma da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa ƙaramar motarsa ta shan iska. Ja ce, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ƙofa biyu, kujera biyu. Bayanta a gangare yake sumul, kamar ƙwaryar da aka kife. Tun ina sakandare ta daina tashi. Ta zauna a ƙarƙashin rumfar kara a gidanmu na Dangora, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta ɗaki. Duk da haka Baba bai fasa goge ta ba. Ko bayan da yanar ido ta rufe masa gani, kullum da hantsi sai ya lallaɓa da tsummansa, ya fara daga fitilun gaba ya ƙare a wannan gangaren na baya. Nan yake daɗewa.

Wata rana na same shi a jikinta, sai ya ce, "Kai, da za ta tashi, da ka kai ni tafkin Bagauda na ji iskar ruwan nan sau ɗaya. Ba na son komai bayan wannan."

Baba ba mai roƙo ba ne, ban taɓa jin ya nemi wani abu a wurina ba sai ran nan. Lokacin ina malamin gona a Doguwa. Na sa aka ja motar zuwa wani gareji a Tudun Wada, wurin wani bakaniken da kowa ke yabon hannunsa. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi masa bayani dalla-dalla. A sauke inji a gyara, a canza birki da wayoyi, a yi sabon fenti ja irin na da. Tunda Baba ya tsufa kuma zafi na wahalar da shi, a sa mata esi mai sanyaya cikin mota. A ɗinka kujeru masu laushi saboda bayansa, a sa rediyo mai cin kaset don ya ji karatu a hanya. Na ce masa, "Ciki ka yi mata duk abin zamani. Amma jikinta kada ka taɓa, ko loɓawa ka gani a baya ka bar ta, tsohon ya san wurinta." Ya ce, "An gama, Malam." Har da dafa ƙirji.

Ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai da ya je Kano sau uku kafin ya samo kafireton da zai zauna mata. Wurin esi kuwa ya sha wuya, don gaban motar a matse yake, sai da ya matsar da batir ya ƙera wani maƙali da hannunsa. Ranar da ta tashi ina tsaye, na ji wata ƙara mai kauri da na manta da ita tun ina yaro. Na sa hannu a bakin esi, sanyi ya doke ni, na yi ta dariya ni kaɗai. Saura fenti da kujeru kawai. Sai damina ta kankama, rabon taki ya riƙe ni a Doguwa wata biyu cur.

A cikin wata biyun nan Baffa ya je garejin.

Baffa yayan Baba ne, shi ne babba a gidanmu, ba a raɗa suna ko a sayar da akuya sai ya sa baki. Ya tsani motar nan tun ranar da ta shigo gida. A wurinmu, mai mota ba ya wuce wanda ya sani a hanya, dole ka tsaya ka rage masa hanya, balle dattijo. To wata rana, tun zamanin Bature, Baba ya wuce Baffa a hanyar kasuwa, Baffa na ɗauke da buhun gero a ka, Bature na zaune a ɗaya kujerar. Baba ya ɗaga masa hannu kawai. A ina zai sa shi? A kan cinyar Bature? Amma Baffa ya riƙe wannan magana fiye da shekara ashirin, kowane taron suna sai ya ba da labarinta, ya ƙare da cewa mota mai kujera biyu motar marowata ce.

Da na dawo na shiga garejin, sai na wuce motar ban gane ta ba. Bakaniken ne ya nuna mini. Daga gaba ita ce, ja wur, tana walƙiya. Daga ƙofa zuwa baya kuwa an yanke gangaren nan gaba ɗaya. An yi waldar wani akwatin ƙarfe mai kusurwa huɗu, an kafa benci biyu suna kallon juna, an ɗora tamfol. Har da ɗan tsani na hawa! Motar da aka ƙera don ta tsaga iska, an mai da ita motar kai awaki kasuwa.

Na ce, "Me na faɗa maka?"

Ya ce, "Malam, Baffanka ne ya zo da ƙafarsa. Ya ce an yi shawara a gida."

"Motar wa ce? Wa ya kawo maka ita?"

"Kai ne. Amma babba ya tsaya a kaina da furfurarsa ya ce a yanke, ni wa zan ce masa a'a? Ai gyara aka yi maka, yanzu mutum shida za ta ɗauka a baya."

Na tambayi inda bayan yake. Ya ce ya ba maƙera, sun yi kaskon suya da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan bai ga laifinsa ba, jira yake na yaba masa kyan waldar.

Na kawo ta gida ina ta addu'a, ina cewa tunda Baba ba ya gani, zan kama hannunsa na sa shi a kujera kai tsaye, mu tafi Bagauda mu dawo. Ya ji ƙararta tun daga bakin gari, na tarar da shi a ƙofar gida da babbar rigarsa ta Juma'a. Na kama hannunsa, ya zame. Ya fara daga fitilun gaba kamar kullum, yana murmushi, yana cewa fentin ya kwanta. Ya wuce ƙofa. Sai hannunsa ya ci karo da kusurwar ƙarfe. Ya tsaya. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya taɓa benci, ya taɓa tsani.

Baffa na zaune a kan dakali, ya ce, "Yanzu ta zama motar mutane."

Baba ya juyo wurina. Ƙane ba ya musu da yayansa a ƙofar gida, ko da ya kai shekara saba'in. Ya ce da ni a hankali, "Mayar da ni ɗaki."

Na yi ta roƙonsa makonni. Na ce ya zo ya ji sanyin esi, na ce na sayo masa kaset ɗin karatun da yake so. Sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka yi ƙoƙari." Bai ƙara zuwa rumfar ba, tsummansa ma Inna ta ɗauke ta koma goge fitila da shi. Kafin kaka ta zagayo ya rasu, bai je Bagauda ba.

Ranar addu'ar uku aka ce na mayar da dattawan da suka zo daga Burumburum. Shida suka cika bencin, Baffa ya ce zai raka su, ya shige gaba, ya zauna a kujerar da na sa aka ɗinka wa bayan Baba. Muna tafiya ya kara fuskarsa a bakin esi, ya lumshe ido, ya ce, "To, ka ga amfaninta yanzu?"

Ba a koya mini mayar wa babba magana ba. Na gangara gefen hanya, na kashe mota, na zare mukulli. Na zagaya na durƙusa na ba dattawan da ke baya haƙuri, na tsayar musu da wata motar haya. Baffa ya leƙo ya ce, "Lalacewa ta yi?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baffa."

Na sa mukullin a aljihu, na kama hanyar Dangora da ƙafa.