Hannun da Baba Ya Riƙe a Kogo

Shekarar da aka rage ma'aikata a masaƙar da Baba yake aiki, Kaka ta sauka gidanmu a Makera da niyya ɗaya: ta koma ƙauye da 'yarta, wato Innarmu. Ba ta ɓoye ba. Tana ajiye ƙunshinta ta ce ita ba ta aurar da 'ya don ta zo Kaduna ta riƙa shan hayaƙi a madadin tuwo ba. Ni kuwa na san in Inna ta tafi gidanmu ya watse.

Kaka da Baba surukai ne irin na da. Ba sa haɗa ido, ba sa magana kai tsaye. In ta fito tsakar gida ya shige ɗaki, in ya yi tari ta ja mayafi. Duk abin da za ta faɗa masa sai ta ce wa Inna, "Ki gaya wa mijinki," ko da kuwa yana tsugune a gabanta.

To, me Baba ya ga ya dace ya yi? Sai ya ce zai kai mu ganin wani kogo a bayan Rido, wai don Kaka ta san Kaduna ba hayaƙi kaɗai gare ta ba. Jama'a, mutum ba shi da aiki, dabararsa ita ce ya kai surukarsa ramin dutse! Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni kafin dariya ta zo.

Mai wurin wani tsohon soja ne, mutumin kudancin Kaduna, da usur rataye a wuya. Ya kewaye gindin dutsen da waya ya kira shi lambun shaƙatawa. Akwai lilon taya, da wani tsohon biri da ke kallonmu kamar shi ya zo ganinmu, da zakin siminti mai dogayen kunnuwa.

"Wannan jakin fa?" in ji Kaka.

"Zaki ne, Mama," in ji sojan. "Maginin ne bai taɓa ganin zaki ba."

A bakin kogon Kaka ta ja ta tsaya. Ita ba ta shiga wuri ba sallama. Ta ɗaga murya: "Salamu alaikum!" Kogon ya ce, "Alaikum." Nan take ta tuɓe takalmi. Sojan ya yi ta bayani cewa muryarta ce ke dawowa, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ina gajiya?" ta tambayi mutanen ciki.

"Jiya," in ji kogon.

"Kun ji ko? Tun jiya suke jiranmu. Masu tarbiyya ke nan, ba irin wasu ba."

Baba, wanda shi ne wasun, ya sunkuyar da kai.

Muka shiga a jere, sojan a gaba da fitilar ƙwai. Hanyar matsattsiya ce, ga santsi, ga warin kashin jemage har cikin maƙogwaro. Da muka yi nisa sai ya ce bari ya nuna mana abin mamaki, ya busa usur. Wayyo Allah! Jemagu suka taso mana kamar an zazzage buhu, ɗaya ya bugi fitilar ta faɗi ta mutu. Duhu ya rufe mu ruf, kowa ya tarwatse yana salati.

"Oya, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi!" in ji sojan. "Kada wanda ya motsa!"

Na laluba na damƙi hannun Inna, na gane ta da awarwaronta. Ɗaya hannun nata kuwa yana rungume da kwanon dambun da muka zo da shi. Sai na ji muryar Baba daga bayanmu, yana raɗa, bai san kogo ba ya riƙe sirri ba.

"Ke, saurare ni. Don Allah kada ki bi ta. Tsohuwar nan tana da gaskiya, ba ni da komai. Amma in kin tafi, wallahi ban san inda zan sa kaina ba. Ko dako ne zan yi a Kakuri. Ki ƙara haƙuri da ni."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa ba. Tausayinsa ya kama ni, hawaye suka zubo mini, kogon kuwa yana ta maimaita "tsohuwar nan" ba kunya ba tsoron Allah.

Sai Inna ta ce, daga nan gefena, "Malam, da wa kake magana?"

Sojan ya ƙyasta ashana. Ga Baba, ga Kaka, hannu cikin hannu. Baba ya saki kamar ya taɓa tukunya a kan wuta, ya yi waje da gudu har da barin takalmi ɗaya. Can muka same shi a ɓoye bayan zakin siminti, birin na leƙensa. Kaka kuwa sai da ta tsaya ta yi wa mutanen kogo ban kwana, suka amsa mata.

Muka koma gida. Washegari da safe Kaka ta ɗaure ƙunshinta. Na tsaya ina jiran ta ce wa Inna ta ɗauko nata. Baba yana ɗaki, ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙarƙashin labule.

Ta aza kayanta a ka, ta dubi Inna.

"Ki gaya wa mijinki tsohuwar nan ta ji," in ji ta. "Kuma ki riƙa shafa masa man kaɗe. Hannun nan nasa duk ya tsage."

Ta fita ita kaɗai.