Direba, Mai Tafiya a Bayan Sahu

Ina tsakiyar yi wa wani bawan Allah gyaran gemu wayata ta ɗauki ƙara a kan kantar shago, tsakanin kwalbar sifirit da gwangwanin hoda. Ba na ɗaga waya da aska a hannu, amma da na saci kallo na ga babbar 'yar Direba ce, sai na ajiye askar. Da ƙyar muryarta ke fita. Ta ce, "Baba Wanzam, Baba ya rasu. Yanzun nan, a kan kujerarsa ta bakin taga. Ko shayinsa bai shanye ba."

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai hango kaina a madubi, riƙe da waya, baki buɗe. Mutumin da ke kan kujera ya kwance mayafin wuyansa da kansa, ya ninke shi, ya ce, "Je ka, Baba. Rabin gemu bai taɓa hana kowa fita ba." Na rufe shago, na baro fanka tana ta juyawa.

Direba muke ce masa mu duka, har matarsa in tana jin tsokana. Bas ɗin cikin gari ya tuƙa tun gashinsa na baƙi har ya yi furfura, kuma hanya ɗaya ce kullum: daga kasuwa ya bi ta asibiti, ya wuce layin masana'antu, ya je can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare, ya juya a bakin ƙofar gandun daji ya dawo. Duk wanda ya taɓa makara a wannan hanya ya san shi. Sauran direbobi in lokaci ya yi ƙofa suke ja su taka mota, ko wa ke gudu a baya. Shi kuwa idonsa na kan madubin gefe. In ya hango wata da jaka da goyo tana haki, ba zai ce jiranta yake yi ba. Nan take zai tuna gilashin gaba ya yi datti, ya ɗauko tsumma yana gogewa a hankali, ko ya tashi ya gyara zaman kujerarsa, har ta shigo ta zauna. Fasinjoji su yi ta tsaki, manyansa a wurin aiki su yi ta faɗa, shi ko a jikinsa.

A madubi muka saba, ni da shi. Yakan zo aski, kuma cikin duk masu zama a kujerata shi kaɗai ne ba ya kallon fuskarsa. Ƙofar da ke bayansa yake kallo, da mutanen da ke wucewa a titi. Na ce masa, "Malam, kanka nake aske maka, ba titi ba." Ya ce, "Wanzam, ni da kai ai sana'armu ɗaya. Mutane na bayanmu, muna ganinsu a gabanmu." Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Da ya yi ritaya, likita ya ce masa zama ya yi masa yawa, ya riƙa taka ƙafa. Sai ya tuna da ƙofar nan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana juya mota a bakinta bai taɓa leƙawa ciki ba. Wata Asabar ya hau bas ɗinsa na dā a matsayin fasinja, ya sauka a ƙarshen hanya, ya shiga. Da ya dawo, sai da na kashe injin aski don in ji shi da kyau. Ya ce, "Wanzam, ashe gari na ƙuna, can ciki sanyi ne kwance, ba mai amfani da shi!"

A hankali ya tara jama'a. Akwai Jirgi, tsohon mai rarraba wasiƙu, wanda ƙafarsa ba ta san mene ne sannu ba. Akwai Anti Nas, ƙanwar matarsa, da ta yi aikin asibiti har ta gaji, mai jaka cike da filasta da faɗa. Sauran maƙwabta ne, wannan ya zo yau, wancan gobe. Duk Asabar ta lokacin zafi sukan fita da sassafe, kowa da gorar ruwa da burodi da dafaffen ƙwai, su bi siririyar hanyar da aka yi wa alama da jan fenti a jikin bishiyoyi. Direba ya raɗa wa wuraren hutawa sunayen tashoshinsa. Inda tsuntsaye suka fi surutu shi ne Kasuwa. Gungumen da iska ta kayar, inda tsofaffi ke zama suna murza gwiwa, shi ne Asibiti. Idon ruwan da ke can saman tudu, bayan gadar katako, shi ne Tashar Ƙarshe. Doka ɗaya gare shi, ita ma a kan kansa ya ɗora ta: shi ne a bayan kowa. In an dawo bakin ƙofa sai ya ɗaga murya, "Akwai saura a baya?" A amsa masa, "Babu, Direba." Sannan a tafi gida.

Ni sai a shekarar da matata ta rasu na shiga cikinsu. A lokacin daga shago sai ɗaki, daga ɗaki sai shago, abinci ma sai an tuna min. Wata Asabar ina buɗe shago ya iso, ya maida ƙofar ya rufe, ya zura makullin a aljihunsa. Ya ce, "Mota ta cika, Wanzam, kai kaɗai ake jira."

Ba zan manta wannan tafiyar ba. Da muka shiga ƙarƙashin bishiyoyin, wani sanyi ya shafi fuskata, ƙamshin damshi da ruɓaɓɓen ganye ya cika min hanci, rana kuwa sai ɗigo-ɗigo a ƙasa. Amma mai aski a tsaye ya saba, ba da tafiya ba. Kafin mu kai Kasuwa numfashina ya fara sarƙewa, sauran sun yi nisa, kunya ta kama ni. Sai na ji Direba daga baya yana cewa, "Tsaya min, Wanzam, igiyar takalmina ta kwance." Ya durƙusa yana ɗaurewa kamar mai saƙa. Can gaba tsakuwa ta shiga takalminsa. Can kuma ya kama hannuna, wai in yi shiru, akwai wani tsuntsu da ya daɗe yana nema. Muka tsaya muna kallon reshe, ba tsuntsu ba dalilinsa. A raina har ina cewa wannan mutum ya cika shiririta. A idon ruwa na zauna a kan dutse, na kamfaci ruwa na wanke fuska, na ci ƙwai da burodi har na nemi ƙari. Sai bayan an kwana biyu, da na ga yana yi wa wani sabon zuwa wannan ɗaurin igiyar, na gane abin da ya yi min.

Haka muka yi shekaru. Mun ga shekarar da ruwan sama ya tafi da gadar katako muka tsallaka da wando a naɗe, Jirgi ya zame ya zauna daram a cikin rafi yana rantsuwa da gangan ya yi. Mun ga ranar da ƙudan zuma suka kore mu daga Asibiti, Anti Nas a gaba, ta bar jakar filastar a can. Jikokin da ake ɗauko su a kafaɗa suka girma suka daina zuwa. Direba dai na nan a baya, da hularsa mai faɗin baki da sandar da bai taɓa dogarawa ba.

Bana, da zafi ya fara shigowa, ya zo aski. Na yafa masa mayafi zan ɗaure a wuya, sai na ga igiyar ta zagayo ta yi rara. Hannuna ya san wuyan nan kamar yadda ya san askata. Na ɗaga ido, muka haɗu a madubi. Karon farko ke nan da na ga bai kalli ƙofa ba.

Ya ce, "Zuciya ce. Likita ya ce injin ya gaji."

Na ce, "To ai sai ka huta, Direba."

Ya ce, "Zan huta. Amma ina so in ƙara kai jama'ata Tashar Ƙarshe, da ƙafata, ina bayan sahu kamar kullum. In Anti Nas ta ji, ko ƙofar gida ba zan ƙara tsallakawa ba. In Jirgi ya ji, zai riƙa tafiya a gefena yana kallona kamar ƙwai. Ba na so, Wanzam. Ka rufa min asiri."

Na gama askin, na shafa masa sifirit.

Asabar ta zo. Ba wanda ya lura da komai, don wa zai yi mamakin ganin Direba a baya? Can ne wurinsa tun fil azal. Ni kaɗai nake jin yadda numfashinsa ke fita, da yadda sandar nan yau take taɓa ƙasa da gaske. Tun kafin Kasuwa na ji takunsa ya fara ja. Sai na tsaya, na ce, "Yi haƙuri, Direba, igiyata ta kwance." Na durƙusa na daɗe a wurin. Ya jingina da bishiya yana maida numfashi. Can gaba tsakuwa ta shige min. Can kuma na rantse na ga wani tsuntsu mai jan wuya.

Jirgi ya waiwayo daga nesa yana ɗaga hannu. "Kai Wanzam! Yau kuma me ya same ka? Ko jiya ka aske gari duka ne? Direba, ka sauke wannan fasinjan, ya lalata mana mota!"

Direba ya tattaro murya ya ce, "Ba a sauke fasinja a tsakiyar hanya."

A Asibiti, Anti Nas ta tsaya ta dubi Direba, ta daɗe tana dubansa. Na ce a raina asiri ya tonu. Sai ta juyo kaina ta ɗaure fuska. "Kai Wanzam, ka zauna nan sai na ce ka tashi. Yaya, zauna kusa da shi ka tsare min shi, kar ya gudu." Ta miƙa min lemo, shi kuma ta miƙa masa gorar ruwanta, ta juya mana baya tana ta binciken jakar da ba ta nemi komai a ciki ba.

Tudun ƙarshe ya ba mu wuya. Ban san yawan ƙaryar da na yi a kansa ba, har tsuntsayen suka ƙare min na koma nuna masa tururuwa. Amma mun tsallake sabuwar gadar, mun kai. Ya zauna a kan dutsen da na zauna a ranata ta farko, ya cire hula, ya kamfaci ruwa ya zuba a kan askin da na yi masa. Ya dubi jama'arsa ɗaya bayan ɗaya, suna ɓare ƙwai suna musu a kan wanda ya manto gishiri. Ban taɓa ganin fuskarsa ta kwanta haka ba.

Wannan ce Asabar ɗinmu ta ƙarshe. Kafin wata Asabar ɗin ta zagayo, wayar nan ta same ni da aska a hannu.

A ranar tafiyar nan ta ƙarshe, da yamma muka sauko a hankali, inuwa ta miƙe, zafin gari na jiranmu a waje. A bakin ƙofa ya tsaya, ya gyara hula, ya tambaya kamar kullum, "Akwai saura a baya?" Muka amsa, "Babu, Direba." Sauran suka yi gaba wajen tsayawar bas, ni da shi muka zauna a kan benci. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Ni ma na duba. Takalmin roba ne da 'yata ta sayo min, irin wanda ake zura ƙafa kawai.

Ya ce, "Wanzam."

Na ce, "Na'am, Direba."

"In za ka ƙara yi min wannan aikin, ka sa takalmi mai igiya. Kana ba sana'ar kunya."

Na ce, "Ai ban ƙware ba. Wurinka na koya, kuma ba ka koyar da kyau ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya dafa gwiwata. Bas ya ɓullo daga kwana, ya miƙe da sandarsa.

Ya ce, "Shiga gaba. Ina bayanka."

Na ce, "To, Direba."