Yaya Iyatu da Kalmar "To"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Yuli, 2009, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata Iyatu, mai sayar da abinci a kasuwar katako ta Dei-Dei. Zazzaɓi ne ya kai ta wani ƙaramin asibiti, kuma da ƙafarta ta shiga. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma akwai sanadi, sanadin tafiyarki kuwa, Yaya, kalma ɗaya ce: "To."

Da kunnuwanki garau kika zo Abuja, lokacin da mulki ya koma hannun farar hula, gari ya ɗauki gini ta ko'ina, tireloli na sauke katako da siminti ba hutawa. Kika kafa rumfa a jikin shagon masu injin tsaga katako, domin nan leburori suka fi yawa. Da tuwon wannan rumfa kika riƙe ni har na gama karatu na samu aiki a ma'aikata. Ba ni kaɗai ba. Duk baƙon da ya sauka daga mota bai san kowa ba, rumfarki ake nuna masa, ki cika masa kwano ki ce ya ci tukuna, magana sai daga baya. Shekara da shekaru injin nan yana kuka a bayanki, yana cin jinki kaɗan-kaɗan, mu kuma muna cin tuwo.

Ba ki taɓa yarda a ce miki kurma ba. Kin ga yadda ake yi wa kurame a kasuwa, a daka musu tsawa kamar awaki, a mayar da su wawaye. Sai kika samo dabara. Ki zuba wa leɓen mai magana ido, in kin kama shi ke nan, in ba ki kama ba ki yi murmushi ki ce "To." Mai ciniki ya ce kada a sa masa yaji, ki ce "To," ki dumbuza masa. Ya dawo yana hawaye, ki ce ai maganin mura ne kika ba shi kyauta. Aka yi ta dariya, har 'yan kasuwa suka laƙaba miki Hajiya To, kina amsawa.

Da wayar salula ta shigo kowa ya yi murna, ke kuwa ta zame miki azaba, don waya ba ta da leɓe. Inna mahaifiyarmu ta kira daga gida, ki manna wayar a kunne ki dinga "To, Inna. To." Ranar da Inna take sanar da ke rasuwar ƙanwarta, ina tsaye kika ce "To, madalla." Na karɓe wayar na ce layi ne ba kyau. Da na juyo na faɗa miki ido da ido, kika zauna a kan turmi kika yi kuka biyu, na mutuwa da na kunya. Sannan kika roƙe ni kada Inna ta san halin da kike ciki.

Na kai ki aka gwada miki na'urar ji. Ba a daɗe ba kika jefa ta cikin akwati, kika ce kukan injin kawai take ƙara miki. Kika daina zuwa biki da suna, domin a taron mata baki goma ke motsi lokaci guda. Tsallaka titi kuwa sai dai Allah, direba ya yi ta danna ham yana zagi, kina tafiyarki da kwanuka a ka.

Tun muna yara duk gidanmu an san akwai allurar da jikinki ba ya ɗauka. An taɓa yi miki ita a ƙauye, kika kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar kika sha. Mabel, maƙwabciyarki mai sayar da lemo, wadda ta raka ki asibiti, ba ta san wannan ba. Ita ta ba ni labari da gurguwar Hausarta, tana kuka:

"Oga Manniru, nas ɗin yana rubutu, kai a ƙasa, bai duba shi ba. Ya ce, 'Madam, allura ba ya ba ka matsala ko?' Iyatu ya yi murmushi, ya ce 'To.' Ni na ɗauka ya ji."

Aka yi miki allurar nan, ba ki sake tashi ba. Wa zan kama, Yaya? Nas ta yi tambaya, an ba ta amsa. Garin nan ya iya gina bene a kan bene, amma bai koyi ɗaga kai ya kalli mutum in zai yi masa magana ba. Zuciyata ta ƙi yin sanyi, kuma ban ga ranar da za ta yi ba. Jiya na bi ta kasuwa. Injin yana nan yana kukansa, wata mata har ta ɗora tukunya a rumfarki.

A maƙabarta, da muka gama rufe ki, liman ya ce mu tsaya mu roƙa miki tabbata, domin yanzu ake yi miki tambaya. Tambaya kuma? Na san malamai sun ce mamaci yana jin har takun masu rakiya, na san can ba a bukatar kunnen duniya. Duk da haka kowa ya watse ina tsugune, ba abin da nake gani sai murmushin nan naki.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Yahuza, da 'ya'yanki Lubna da Uthman, da Mabel, da dukan waɗanda suka ci daga tukunyarki. Sai kuma Inna, wadda har yau take gaya wa masu gaisuwa kin fi dukanmu biyayya, ba ta taɓa faɗa miki magana kin musa ba. Na riƙe amanarki, ban gaya mata ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane kwano da kika cika wa baƙo. Ya Ubangiji, Ka buɗe mata kunnuwa a kabarinta. Ka sa masu tambaya su fuskance ta, su yi mata a hankali, ta ji sarai kafin ta amsa. Amin.

Ƙaninki,
Manniru