Karen Baba Agali da Man Shanu

Har yau ban manta da Larabar da aka kawo mana karen Baba Agali ba. Ku da kuke aikin yanzu kun sha tambayata ko akwai dabbar da ta tsaya mini a rai. To, ga ta.

Lokacin ina mataimakiya a wani ƙaramin asibitin dabbobi a nan Birnin Konni, kafin rainon yara ya zaunar da ni gida. Likita Abdu ne shugabanmu, shi ke duba dabba ya yanke magani. Ni aikina in riƙe dabba, in dafa kayan aiki, in shirya gilashin da ake shafa jini ko wani ruwa a kai don a duba a madubin ƙara girma. Tumaki da shanu muka saba gani, kare sai jefi-jefi.

Baba Agali Buzu ne, makiyayi daga wani zango kusa da Tajaye. Motar dabbobin kasuwa ya biyo, ya shigo mana da kare a kafaɗa kamar ɗan rago. Karen ya rame, yana amai, miyau na dalala daga bakinsa. Miyan nan ne ya tayar da hankalin mutanensu. Aka ce ya haukace, maigari ya ce a kashe shi, tsohon ya roƙi arziki a bari likita ya gani tukuna.

"Likita, Barsu bai ciji kowa ba," in ji shi. "Tun da idona ya yi rauni shi ka tsare min bisashe. In an kashe shi, kiwona ya ƙare."

Ƙa'idar aiki ita ce, duk karen da ake zargi da hauka sai an ɗaure bakinsa da bandeji, a sa safar hannu, a tsare shi a keji ana lura da shi. Na yi bisimilla na riƙe karen. Likita ya ɗaga leɓensa, sai ga dasashi rawaya kamar an shafa gangamau. Farin idonsa ma haka. Da ya danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, karen ya yi wani kuka da ya ratsa ni.

"Hajara, kawo eko," in ji likita. Ita ce na'urar da muke duba cikin tumaki masu juna biyu. A nan muka ga maɗaciya ta kumbura, cikinta ya yi kauri kamar laka. Aka yi wa karen allurar barci, likita ya zura siririyar allura ya zuƙo ruwan maɗaciyar. Na shafa a gilashi, na rina shi. Ya duba, sannan ya matsa ya ce ni ma in duba. Ƙwayoyin cuta ne birjik, kamar ɓarzajjiyar shinkafa. Ya ce daga hanji suke haurowa, miyan kuma na tashin zuciya ne. Duk da haka kare zai zauna a keji har kwanakin lura su cika.

Muka sa masa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin, abinci kuma shinkafa marar mai da ɗan tsokar nama. Baba Agali ya ƙi komawa gida, ya shimfiɗa tabarma gindin bishiyar bedin tsakar asibiti. Barsu ya fara ɗaga kai, har yana kaɗa wutsiya. Sai kwatsam amai ya dawo. Likita ya damu ƙwarai, don in magani ya gaza sai tiyata, mu kuwa ba mu da kayanta.

Da safe ina wanke kwanon karen, na ji hannuna ya yi santsi. Na shinshina. Duk macen da ta san tukunya ba ta ɓatan ƙamshin man shanu. Na je na durƙusa na gaida Baba, na tambaye shi a hankali. Bai musa ba, ya jawo ɗan tandun man shanu daga cikin rigarsa.

"Ɗiyata, shinkahwa gaya kuka ba shi, awa ɗan kaso! Mu in namu ya kwanta, mai muka ba shi ya samu ƙarhi."

Na kai wa likita labari ina tsoron zai yi faɗa. Sai ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarmar tsohon.

"Baba, ka san maɗaciya in kana hiɗar rago?"

"Tun ba a haihe ka ba."

Suka yi dariya. Likita ya ce, "To, duk sa'ad da maiƙo ya shiga ciki, matsewa takai. Ta Barsu gyambo gare ta. Kowane lakuce na mai, gyambon aka murza."

Tsohon ya ja rawani ya rufe baki. "Ashe ni ka kashe shi."

"A'a, Baba. Kai ka kawo shi da rai. Daga yau ma kai za ka riƙa ba shi abinci, Hajara ta auna maka."

Sai tsohon ya miƙo mini tandun. "Ɓoye shi nesa, ɗiyata, kar zuciya ta rinjaye ni."

Allah Ya taimake mu, amai ya tsaya, rawayar ta yi ta kodewa. Da kwanakin lura suka cika ba alamar hauka, aka yi wa Barsu rigakafi, likita ya kira maigari a wayar Baba ya yi masa bayani da bakinsa. Ina tsaye na ji maigari ya ce, "To, shi dawo, Allah Shi kyauta." Baba Agali ya ɗaga hannu yana ta sa mana albarka, rabi da Hausa rabi da Buzanci, ni kuwa na shige ɗakin magani don kada a ga hawayena.

Abin da na ɗauka daga nan, ƴan'uwa, shi ne mutanenmu ba sa iya zuba wa majinyaci ido hannu sake. In ba ku ba mai dabba abin yi ba, zai nemo nasa, kuma da ƙauna zai yi ɓarnar. Ku tambaye shi abin da yake ba ta, da murya mai taushi, sannan ku ba shi aikin da hannunsa zai kama. Da Likita Abdu ya daka wa tsohon nan tsawa, da ya saɓa karensa ya koma inda ake jiran kashe shi. Allah Ya saka wa Likita da alheri, a kan tabarmar nan ya koya mini aikina.