Gidan da Baba Bai Ɗauka Ba

A tsohuwar unguwarmu ba wanda ya san Baba da wani suna sai Kar-ka-motsa, don abin da yake faɗa wa kowa ke nan kafin ya danna kyamara. Shagonsa a zauren gidanmu yake: fitilu, kujera mai hannu, fulawar roba, da ƙaton labule mai zanen dogon bene da tagogin gilashi. Tela ne ko direba, duk wanda ya tsaya gaban labulen nan sai ya fito kamar shi ya gina. Mu 'ya'yansa ma ba mu tsira ba. Ko haƙori ɗayanmu ya fitar, sai a yi masa wanka a kai shi gaban labule.

Inna takan ce, "Malam, ka ɗauke mu a tsakar gida mana."

Shi kuwa ya ce, "Da igiyar shanya da bangon da ya sha hayaƙi? Rufa mini asiri."

In gefen bango ya leƙo a hoto, almakashi yake sa masa.

Da wayar hannu ta kashe kasuwar shago, wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi aikin hoton sabbin gidaje kafin masu su su tare. Aikin yana da ƙa'ida: ba mutum, ba bokitin fenti, ginshiƙi ya fito a miƙe. Da sassafe yake zuwa ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya jira rana ta sauka a gilashi yadda yake so. Yakan ce gini dai ba ya ƙifta ido. Amma kewar mutane na damun sa, na sani, don da kunnena na ji ya ce wa wani bene kar ya motsa.

Ana nan aka rushe unguwarmu, muka koma haya a bayan gari. Ba a jima ba Inna ta fara mantuwa. Kullum da la'asar sai ta ɗauki mayafi ta tsaya bakin ƙofa tana cewa mu kai ta gida. Likita ta ce mu riƙa nuna mata hotunan tsohon gidan, ko hankalinta zai kwanta. Muka ce ai wannan mai sauƙi ne, gidan mai hoto guda!

Baba ya zazzage akwatunansa a kan tabarma. Ga Inna da ciki, ga ta da goyo, ga ta da furfura, kuma duk a gaban bene na zane. Babu ƙofar ɗakinta, babu famfo, babu murhu. Muka bi gefen hotunan ɗaya bayan ɗaya, ashe almakashin Baba bai taɓa kuskure ba. Ya juyo ya ce mini, "'Yar nan, ƙofar ɗakin nan shuɗiya ce ko koriya?" Ni ma na kasa tunawa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Wata rana kamfani ya tura shi wani sabon bene, gilashi tun daga ƙasa har sama. Da turken lantarkin da ke kwanar layi ya gane wurin: a kan gidanmu aka gina shi. Washegari ya ce in shirya Inna mu tafi tare.

Ya riƙo hannunta har bakin matakala. "Ga shi, na kawo ki. Nan ne."

Inna ta ɗaga kai ta kalli benen, ba ta ko yi mamaki ba. Ta juya masa baya, ta gyara ɗankwali, ta ɗora hannu bisa hannu yadda ya koya mata tun tana amarya. Baba ya koma bayan kyamara. Ya danna.

Ta ce, "Malam, ka gama? To naɗe labulen nan in wuce, na bar tukunya a kan wuta."